Ango, kada ƙyalli ya ruɗe ka wajen sayen famfon banɗaki

An gama filasta, an manna tayil, fenti ya bushe, saura wata guda a kawo amarya. Kuɗi kuwa sun riga sun ja baya. Sai mai aikin famfo ya ce maka saura kan famfo. A nan ne da yawanmu muke cewa, "A samo mai araha kawai, ai duk ruwa ne zai zubo." To ɗan'uwa, dakata. Abin nan da ka raina shi za a fi murɗawa a gidan, tun daga alwalar asuba har wankan dare.

Idan ka shiga kasuwar kayan gini, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, za ka ga famfuna jere suna ɗaukar ido, duk kamar azurfa. Ƙyallin nan shafe ne kawai, ainihin kayan yana ciki. Ɗauki biyu ka auna a hannu. Na tagulla yana da nauyi, kuma idan ka leƙa gindinsa wajen zaren ɗauri za ka ga launin rawaya. Wanda ka ji shi shafal, galibi haɗin ƙarfe ne mai rauni, ruwa na cinsa ta ciki har wata rana ya karye a bakin bututu. Idan guntun ya maƙale a bango, sai an fasa tayil ɗin da ka kashe wa kuɗi. In aljihunka bai kai tagulla ba, gara ka sa na roba mai kauri, ka san roba ka saya, daga baya ka canza.

Sai ka tambayi kanka: daga ina ruwana yake zuwa? Yawancinmu tanki ne a sama. Ƙa'idar ita ce duk tsayin mita 10 yana ba da ƙarfin ruwa kusan ba ɗaya (ma'aunin da ake rubutawa a kwali). Tankin da ke mita uku ko huɗu bai kai ko rabin haka ba. Famfuna da yawa masu haɗa ruwan zafi da na sanyi sai da ƙarfin ruwa suke aiki sosai, in ba haka ba sai ka ga ruwa na tsiyaya kamar ana rowarsa. In ma ba ka da hita, me za ka yi da shi?

Ruwan burtsatse kuma yakan zo da yashi. Famfon zamani mai kwata-juyi, wanda ke rufewa da 'yan faifan tangaran a ciki, ya fi daɗewa, amma yashi ne maƙiyinsa. Sa matata a bututun da ya fito daga tanki. Na gargajiya mai murɗawa kuwa, robar cikinsa ce ke cinyewa, ita kuma canza ta ba tsada.

Kada ka manta da buta da bokiti. Ka tabbatar bakin famfon ya yi tsayin da za su shiga ƙarƙashinsa ba tare da an karkata su ba. Yawancin famfunan gida rabin inci ne, amma tambayi mai aikinka kafin ka biya. Ka ce masa kuma ya sa ƙaramin makulli kafin famfon, don ranar gyara ba sai an rufe ruwan gida duka ba.

Ɗigo kuma ba abin wasa ba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara. Jarka mai lita 25 fiye da 400 ke nan. Tambayi mai ga-ruwan unguwarku nawa ne kuɗinsu, sannan ka koma shago ka sake ɗaga famfon nan mai araha.