Zarto A Jakar Matafiyi: Darasi Daga Hanyar Kabo Zuwa Gwarzo

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. A wannan karo kuwa, tun kafin in ɗaga ƙafa ilimin ya fara buɗewa. Da rani na ƙudurta yin tattaki a ƙasa na kwana huɗu, daga Kabo ta Garo zuwa Getso da Gwarzo, domin tattara sunayen itatuwa daga bakin dattawa, in kwatanta su da waɗanda J. M. Dalziel ya taskace a 1916. Da ina haɗa kaya, sai na tsaya a kan wani ɗan zarto mai naɗewa da aka kawo mini tsaraba: in ɗauka, ko in bari?

Hujjar ɗauka a fili take. Ba shi da nauyi, zai samar mini makamashi idan dare ya riske ni, kuma zan iya yanko reshe in nuna wa masana tsirrai. To amma wani dattijo da zai yi mini jagora ya dube shi, ya ce: "Malam, itacen wa za ka yanka?"

Wannan tambaya ta fi ƙarfin digirina. Irin wannan zarto an ƙera shi ne don matafiya a dazuzzukan Turai da Amurka, inda mutum zai wuni bai ga gona ba. A yammacin Kano kuwa, abin da baƙo ke gani kamar daji gonaki ne. Kowace ɗorawa, kowace tsamiya da kuka da kanya tana da mai ita, wata ma gadonta aka yi. Manomi yana barin gawo a tsakiyar gona da gangan, domin yana kaɗe ganye da damina, ya ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. Binciken Michael Mortimore a karkarar Kano ya nuna yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gona ba, saboda masu su suna tattalinsu.

Harshenmu ma ya yi mana gargaɗi. Kalmar "itace" tana nufin mai rai da ke tsaye, tana kuma nufin wanda ake turawa a murhu. Abin da ke tsakaninsu kaifin ƙarfe ne kawai. Sannan Bahaushe ya bambanta sara da sassabe da faskare, kowanne da lokacinsa da haƙƙinsa. Gatari yana yi wa kansa shela, mai gona zai ji daga nesa ya zo. Zarton hannu kuwa raɗa yake yi. Ga kuma halin tsaro: Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma baƙo mai ƙarfe a jaka sai ya yi dogon bayani.

Ba ina cewa kaifi ne mai laifi ba. A Maradi, tun wajejen 1983, Tony Rinaudo da manoma suka farfaɗo da kututturan da ke toho ta hanyar rage musu rassa, abin da ake kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta ya game kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Bambancin shi ne, mai gona ne ke riƙe da wuƙar.

Na bar zarton a gida. Kara da ƙirare sun ishe ni dafa shayi, kuma ban kwana a fili ba ko sau ɗaya, domin kowane gari zaure ya karɓe ni. Inda na buƙaci reshe, roƙa na yi. Mai itacen ya saro da hannunsa, ya haɗa mini da sunansa da amfaninsa. Da na yanka da kaina, da reshen kawai zan samu.

Don haka, mai karatu, kafin ka auna nauyin kayanka, ka fara tambayar ƙasar wa za ka taka. Allah Ya sa mu dace.