Masu Rina Naman Ƙari

Idan likitan tiyata ya yanko ƙari daga hanji ko huhu, naman yana da sauran tafiya a gabansa. Za a tsunduma shi a ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin kakin farafin, sannan ya isa hannun wani ma'aikacin ɗakin gwaji wanda majinyaci ba zai taɓa sanin fuskarsa ba. Shi ne zai ɗora shi a injin yanka, ya fere shi kaurin maikromita 4 ko kusa da haka, ya shimfiɗa a kan gilashi. Silin gashin mutum ya ninka wannan kauri fiye da sau goma.

Rinin da aka gada tun ƙarni na 19 launi biyu ne, shuɗi da ruwan hoda, kuma har gobe da shi ake gane ko ƙari na daji ne. Sai dai a ƙarƙashinsa yawancin sojojin jiki kamarsu ɗaya, ba a bambance mai yaƙi da mai hana yaƙi. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faris suka nuna cewa a ciwon dajin hanji, irin sojojin da suka shiga ƙarin, da yawansu, da inda suka tsaya, suna faɗin yadda majinyaci zai kasance. Da magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi suka fito, waɗanda suka jawo wa James Allison da Tasuku Honjo lambar Nobel a 2018, sai tambayar ta zama ta gaggawa: wa ke cikin ƙarin, kuma kusa da wa yake tsaye?

Dabarar amsa wannan tambaya tsohuwa ce. Tun 1941 Albert Coons a Harvard ya liƙa wa antibodi sinadari mai ƙyalli, ya bar shi ya nemo abin da yake kamawa. Sabon abu shi ne tara launi shida ko bakwai a yanki guda, kowane da alamar da yake nunawa: CD3 na sojojin da ake kira ƙwayoyin T gaba ɗaya, CD8 na masu kisa a cikinsu, FOXP3 na masu sanyaya faɗa, CD68 na masu haɗiye datti, PD-L1 wanda ƙari ke kare kansa da shi, sai DAPI mai haska cibiyar kowace ƙwaya.

A nan gwaninta take. A hanyar da aka fi bi, irin ta kayan Opal, ɗaya bayan ɗaya ake yi: a zuba antibodi, a sa launin da zai manne wa naman daram, a dafa gilashin har antibodin ya saki ya bar launinsa, sannan a shiga na gaba. Kamar mai rini a Ƙofar Mata da ya san tsomi nawa zane zai ɗauka, ma'aikacin ma dole ya san dahuwa nawa kowace alama za ta jure. Wata da an dafa sau biyu ta dushe, sai a sa ta a farko. Wata kuwa zafin ne ke ƙara fito da ita, sai a bar ta zuwa ƙarshe. Idan antibodin baya bai gama saki ba, launin gaba zai hau kansa, a ga ƙwaya ɗaya ɗauke da alamu biyu, ɗaya ba tata ba. Shi ya sa kafin a taɓa naman majinyaci ake gwada kowace alama ita kaɗai a naman 'yan wuya, inda sojojin jiki suke cunkushe kuma an san mazaunin kowa. Daidaita jeri guda kan ci makonni, wani lokaci watanni.

Hotunan da ke fitowa suna da ɗaukar ido, kore da ja da rawaya a kan baƙi, kuma a ganina wannan kyau shi ne babban haɗarin sana'ar. Jajayen ƙwayoyin jini da zaruruwan nama suna ƙyalli da kansu ba tare da an rina su ba. Launuka ma suna malala cikin juna, sai kwamfuta ta warware su. Ƙwararre ba ya yarda da haske don ya yi kyau. Yakan ajiye gilashin da ba a rina ba a gefe, ya duba ko alamar ta faɗa inda ya kamata. FOXP3 a cibiyar ƙwaya yake, CD8 a fatarta. Idan aka ga akasin haka, rini ne ya yi ƙarya, kuma manhajar ƙirga irin QuPath za ta ƙirga ƙaryar nan daidai wa daida.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙwararre. Naman da ya daɗe a faranti kafin a sa shi a fomalin, ko wanda aka manta a kwalba har makonni, ya riga ya rasa wasu alamunsa, ba injin da zai dawo da su. Hanyoyi irin CODEX, da aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Garry Nolan a Stanford, sun kai alamu gommai a yanki guda, amma su ma da nama mai kyau suke aiki. Saboda tsada da wuyar samun sakamako iri ɗaya tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin gwaji, har yanzu yawancin wannan aiki a fagen bincike da gwajin magunguna ake yinsa, bai zama gwajin yau da kullum na asibiti ba.