Sinadaran da ke juya girman shinkafa, da abin da ya shafi mai zuba jari

Abuja: Ɗan kasuwar da ke saye da sayar da shinkafa a Kuchigoro, a kan hanyar filin jirgin sama, yakan ga farashi ya ɗaga duk shekarar da ruwa ya cinye fadamun Neja da Kebbi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Wani ɓangare na wannan asara yana da tushe a jikin shukar kanta, wato a sinadaran homon waɗanda ke ba ta umarnin ta yi tsawo ko ta dakata.

Babba daga cikinsu shi ne jibarelin, mai miƙar da kara. A shekarar 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya gano cewa wani nau'in funfuna ne ke fitar da sinadarin da ke sa shinkafa ta yi tsawon banza har ta faɗi. Daga bisani aka fahimci cewa ita ma shukar tana ƙera shi.

Ribar wannan sani ta bayyana a 1966, lokacin da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta fitar da irin IR8 mai gajeren kara. A 2002 ne aka tabbatar da dalilin gajartarsa: ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen ƙera jibarelin ta raunana. Saboda haka idan aka zuba masa taki, ƙarfin yakan tafi ga zangarniya, kuma karan ba ya saurin kwantawa. Dogon iri kuwa, taki mai yawa kan kayar da shi kafin girbi, kuɗin takin ya salwanta.

Na biyu shi ne etilin, wanda iska ce da ke taruwa a jikin shuka idan ruwa ya rufe ta. Shinkafar ruwa mai zurfi takan amsa wannan saƙo da hanzarta tsawo domin ta fito da ganye sama. Wannan dabara tana da amfani inda ruwa ke ƙaruwa sannu a hankali ya daɗe. Amma a ambaliyar da ke zuwa farat ɗaya ta janye, shukar da ta ƙarar da abincinta wajen miƙewa takan mutu. Irin da ke ɗauke da ƙwayar gado ta SUB1A yakan danne aikin jibarelin, ya adana ƙarfinsa har kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, sa'annan ya farfaɗo. A 2017 Nijeriya ta amince da irin FARO 66 da FARO 67 masu wannan juriya, bayan aikin haɗin gwiwa tsakanin cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi.

Don haka, duk wanda zai ba manomi bashin iri da taki, ko a Gwagwalada ko a Abaji, ya kamata ya fara tambayar yadda ruwa ke zama a gonar. Gonar noman rani da ake sarrafa ruwanta tana son gajeren iri mai karɓar taki. Fadamar da kogi ke tumbatsa a kanta na 'yan kwanaki kuwa tana son iri mai jure nutsewa, daga dillalin da aka tantance irinsa.