Inshorar Al'umma da Masu Rufin Asiri

Idan aka ce gwamnati na kare rayuwar jama'a, hankali kan tafi ga tallafin talakawa. Amma akwai wata kariyar da ba talauci ke shigar da mutum cikinta ba, wato inshorar al'umma: fansho, inshorar lafiya, diyyar rauni a bakin aiki, da kuɗin da ake ba wanda ya rasa aiki. Tamkar adashi take, sai dai doka ce ta wajabta zubi, kuma wanda tsufa ko ciwo ya riska shi ke ɗauka.

Jamus ce ta share fage a zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck: inshorar lafiya a 1883, ta haɗari a 1884, fansho kuma a 1889. Tun daga lokacin zubin ke biye da albashi. Ana cire kaso daga na ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa.

Domin gane inda kariyar take kaiwa, Bankin Duniya kan raba mutanen ƙasa gida biyar gwargwadon samunsu. Gida na huɗu su ne masu rufin asiri, waɗanda suka wuce tsakiya amma ba su kai attajirai ba. A Yammacin Turai kusan dukkansu suna ciki. A Jamus, kusan mutum tara cikin goma na ƙarƙashin inshorar lafiya ta doka, kuma ma'aikaci ba ya komawa ta kamfanoni sai albashinsa ya haura wani mataki. A yawancin Afirka kudu da Sahara kuwa, masu rufin asiri sun fi talakawa samun wannan kariya, duk da haka mafi yawansu suna waje. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2024 ya nuna kashi 52.4 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke da aƙalla kariya ɗaya, alhali a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 9.7 ne kacal.

Dalilin da ya bar masu rufin asiri a waje shi ne takardar albashi ke buɗe ƙofar, ba nauyin aljihu ba. Ma'aikacin banki a Kano yana ganin an cire masa kashi 8 duk wata, bankin ya zuba kashi 10, kamar yadda dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta tanada. Maƙwabcinsa mai shagon atamfa a Kantin Kwari na iya ninka shi samu, amma ba shi da asusun fansho. Gobara ɗaya ko doguwar jinya ta isa ta cinye jarinsa. Don irinsa ne hukumar fansho ta PenCom ta fito da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, wata doka ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya.

Shigar masu rufin asiri ba cin rabon talaka ba ne. Masana biyu, Korpi da Palme, sun nuna a 1998 cewa ƙasashen da tsarinsu ya haɗa da masu matsakaicin hali sun fi rage talauci, domin mai zubi yana sa ido, kuma yana yarda a faɗaɗa asusun. Saboda haka ma'aikaci ya riƙa duba ko zubinsa na isa asusu, ɗan kasuwa kuma ya je ya yi rajista tun yana da lafiya da ciniki.