Kete Kiraci: Zangon Hausawa da Barikin Jamus

Mu mutanen ƙasar Dawakin Tofa ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a wurinmu sai an raba goro, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san garuruwan da fataucinsa ya kafa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kete Kiraci, a bakin kogin Volta, cikin ƙasar da a dā ake ce mata Gwalkwas, yanzu Gana.

Asalinsa gari biyu ne. Kiraci na 'yan ƙasa ne, masu wani shahararren tsafi wai shi Dente, wanda har sarakunan Tonawa kan aiko a yi musu tambaya gare shi. Kete kuwa zango ne na baƙi Musulmi. Fataken Kano da Katsina su kan ɗauro wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su yi wata da watanni a hanya kafin su kai Salaga, babbar kasuwar Gwanja, su komo da goro. To, a 1892 yaƙin basasa ya ci Salaga, fatake suka watse, da yawansu suka gangaro Kete. Kafin a jima zango ya zama gari sosai.

Ana nan sai ga Jamusawa a 1894. Suka kashe babban bokan Dente, suka gina bariki, suka haɗa wurin da ƙasarsu ta Togo. Shekara 20 kaɗai suka yi, don a 1914 Ingilishi suka karɓe shi, a 1957 kuma ya shiga Gana.

Cikin waɗanda suka baro Salaga akwai wani malami, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Shi ya zama limamin Kete, ya tara almajirai daga nesa da kusa, yana rubuce-rubuce da Larabci da Hausa. Jamusawa suka aiko wani ma'aikacinsu, Adam Mischlich, ya riƙi barikin, shi kuwa mutum ne mai kwaɗayin harsuna. Ya riƙa zama wurin Liman yana karatu, Liman yana rubuta masa labarin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu cikin ajami. Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga waɗansu labaran a Berlin. Ku duba fa, ɗalibai, Bature mai mulkin gari ne ke zuwa ɗaukar darasi wurin talakansa. Sunan Mischlich ne a bangon littattafan, amma a ganina babban rabo na Liman ne, gama shi ya san abin da aka rubuta. Ya rasu a Kete a 1934.

Wanda ya tafi ziyara ba zai tarar da garin da Liman ya sani ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, kogi ya taru ya zama tafki, ɗaya daga cikin mafiya girma da ɗan Adam ya yi a duniya, ya shanye tsohon gari, aka mai da mutane sabon mazauni a kan tudu. Abin da ya saura na gani shi ne kufan gine-ginen Jamusawa kusa da bakin ruwa, da wurin tsafin Dente wanda 'yan ƙasa ba su bari ba, da tafkin kansa, inda masunta ke kai da kawowa cikin kwale-kwale. A zango kuwa baƙo daga Kano ba ya bukatar tafinta, in ya yi sallama da Hausa, da ita za a amsa masa.

Takardun Liman su ruwa bai ci su ba, domin almajiransa sun kwafe su sun bazu da su cikin zanguna. A shekarun 1960 masu binciken Jami'ar Gana suka bi gidajen malamai suna ɗaukar hotonsu, suka adana a Legon, kusa da Ankara, inda mai son karanta su zai nema.