Kalmar "Blustery" Da Halin Iskar Ingila

Zancen kimiyya na yau a kan wata kalma ce ta Turanci, wadda baƙon da ya sauka Ingila ba zai daɗe ba sai ya ji ta a bakin masu ba da labarin yanayi. Kalmar ita ce blustery, ana furta ta kamar "bulastari".

Ingila a tsibiri ta ke, gabas da tekun Atlantika, iska kuwa ba ta rabuwa da ita, shi ya sa mutanenta su ke da kalmomi da yawa na bayyana halinta. In sun ce windy, ana iska ke nan kawai. In sun ce breezy, iska ce mai daɗi, wadda ba ta hana kowa harka. Amma blustery ita ce iskar da kan bugo da ƙarfi da ƙugi, ta lafa kamar ta wuce, sa'an nan ta komo ba zato, sau da yawa har da tsattsafi. Ana siffanta yini da ita, ko ruwan sama, a ce a blustery day, ko blustery showers. Tushenta bluster ne, da shi kuma a ke kwatanta mutum mai kurari da cika baki. Sai dai kurarin mutum ya kan tashi a banza, na iska kuwa ya kan yi ɓarna.

To, me ke sa iska ta riƙa zuwa tana yankewa haka? Dalilai biyu ne. Na fari, iskar da ke bin ƙasa tana karo da tuddai da itatuwa da gidaje, sai ta yamutse, kamar ruwan rafi in ya sami duwatsu. Na biyu, in iska mai sanyi ta taso daga arewa ta bi ta kan teku mai ɗumi, ta ƙasa ta kan yi ɗumi ta hau sama ta haɗa hadari, ta sama kuwa, wadda ta fi gudu, ta faɗo ƙasa da saurinta. Wanda ya san iskar da ke gabatar ruwan farkon damina ya san irin wannan bugu.

Abin lura shi ne, kalmar ba awo ba ce. A 1805 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska, wanda a yau ya ke da daraja daga 0 zuwa 12. Daraja ta 8, alal misali, gudun mil 39 zuwa 46 ce a sa'a. Blustery ba ta cikin wannan jeri. Masana kan auna matsakaicin gudun iska cikin minti 10, bugu guda kuwa cikin sakan 3. A tudu bugun ya kan ɗara matsakaicin da rabi, watau iskar mil 20 ta kai mil 30. Ga kuma wata ƙa'ida: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu ya ke yi. Saboda haka wannan bugu na mil 30 ya fi ninki biyu na turin da jiki ya saba da shi minti guda da ya wuce.

A nan hatsarin ya ke ga mai keke, da direban babbar mota a kan gada, da mai gyaran rufin soro, da mai ƙaramin jirgin ruwa. Iska mai ɗorewa ana iya jingina da ita, mai yankewa kuwa shammatar mutum ta ke yi. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Duk wanda ya ji an ce gobe blustery, sai ya ɗaure kayansa tun yau, kada lafawar iska ta ruɗe shi.