Dutsen Etinde a Gaɓar Tekun Kamaru

Dutsen Etinde yana yankin Kudu maso Yamma na ƙasar Kamaru, arewa maso yamma da garin Limbe, wanda ake kira Victoria kafin 1982. Tsakanin ƙololuwarsa da Tekun Atilantika 'yan kilomitoci ne kawai. Turawa sun raɗa masa suna Ƙaramin Dutsen Kamaru, sai dai sunan yana iya ruɗar da mai karatu, domin tsawonsa ya kai mita 1,713. Maƙwabcinsa ne ya jawo masa wannan suna, wato babban Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000, wanda Etinde yake jingine a gefensa.

Dukansu biyu aman wuta ne ya samar da su. Wutar Etinde ta daɗe da mutuwa, ruwa ya yi ta zaizayarsa har kansa ya yi tsini, kurmi kuma ya rufe shi. Shi kuwa babban da ransa. A 1999 narkakken dutsen da ya amayar ya gangaro har ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, ya kuma sake yin aman a 2000.

Zaman duwatsun a bakin teku shi ne ya fi komai tasiri a kan yanayin wurin. Iskar damina takan taso daga teku ɗauke da danshi, ta ci karo da su, ta hau sama ta yi sanyi, sai ta zubar da ruwa. A Debundscha, da ke gaɓar nan ta yamma, ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 10,000. Mutumin Malanville, can a bakin kogin Kwara a arewacin Benin, inda ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, zai yi wuya ya yarda da wannan lissafi.

Ruwan da tokar dutsen sun sa ƙasar gindin duwatsun ta yi albarka ƙwarai, albarkar kuwa ta jawo wa masu ita asara. A zamanin mulkin Jamus an ƙwace filayen ƙabilar Bakweri aka mayar da su manyan gonaki. Daga 1947 gonakin suka koma hannun kamfanin gwamnati na CDC, mai noman kwakwar manja da roba da ayaba, Bakweri kuwa suka daɗe suna neman a maido musu da ƙasarsu.